Mai Baki Biyu Mai Araha: Abin Da Za Ka Yi Kafin Ta Zo, Da Yadda Za Ka Daidaita Ta Da Jikinka

Shekara biyu ke nan da Kawu ya ce bindigarsa mai baki biyu ta zama tawa. A zaurensa na Tudun Wadan Zariya ya faɗa, bayan la'asar, a gaban mutum uku, don haka ba maganar da za a janye ba ce. Gwiwa ta hana shi bin fadama, ya ce shi da fakara yanzu sai a kasko. Amma har yau bindigar ba ta kwana ɗakina ba. Ba rowa ce ta hana ba, takarda ce.

A cikin wannan jiran na koyi yawancin abin da zan rubuta nan, domin Kawu bai bar ni na naɗe hannu ba. Duk Asabar yakan ciro ta, ya karya ta, wato ya buɗe ta ta mahaɗa, ya nuna mini ramukan biyu babu komai, sannan a fara darasi. Abin da ya fi nanatawa shi ne bindiga mai araha ƙarfenta ba ya buƙatar dabararka, katakonta ne bai san ka ba. An sassaƙa shi ne don wani mutum da ba wanda ya taɓa gani, mai matsakaicin tsawo, sanye da rigar sanyi mai kauri. Aikinka duka a katako yake da fata da mai.

Mataki na farko: takarda

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ɗure, wato su adaka da harba-ka-ruga irin waɗanda 'yan bindigar Sarki ke tashi da su a hawan sallah, al'amarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha. A tsakiya ne mai baki biyu take, lasisinta kuma daga Sufeto-Janar na 'yan sanda yake fitowa. Wadda ake zuge mariƙinta ta ɗora wani harsashi, da mai ɗora wa kanta, ba sa cikin wannan gida na tsakiya, ko da mai sayarwa ya rantse maka cewa duk ɗaya ne.

Dokar ta hana a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda idonsa ba ya gani sosai, da mashayi, da wanda aka taɓa ɗaurewa kan laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka wuce. Lasisi na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya, kuma sabunta shi ake yi. Na Kawu ba ya rufe ni. Ko gado ne, kwana 14 kawai doka ta ba magaji ya riƙe bindigar mamaci, daga nan sai ma'ajiyar makamai ta gwamnati har ya sami nasa.

Abin da ya tsayar da ni shi ne a 2023 Sufeto-Janar ya bayyana cewa an dakatar da bayar da sabon lasisi saboda yawan makaman da ke hannun jama'a. Don haka kafin ka ba kowa ko sisi, ka je ofishin 'yan sanda na yankin Zariya ko hedikwatarsu a Kaduna ka tambayi inda aka kwana. Duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai fito maka da takarda cikin mako guda, gaishe shi ka wuce. Ka kuma tambayi jami'in ma'ajiyar makamai su wane ne ke da izinin gyara, domin doka ba ta yarda kowa ya buɗe shagon gyaran bindiga ba. Ka gaya masa abin da kake son yi wa katakon, ka ji ta bakinsa.

Mataki na biyu: san irin da kake jira

Mai baki biyu iri biyu ce. Akwai mai bututu gefe da gefe, wadda iyayenmu suka fi sani, da mai ɗaya bisa ɗaya. Cikin masu araha da suka fi yawo a duniya akwai: Baikal daga garin Izhevsk na Rasha, na Turkiyya irin su Huglu da Yildiz, Boito daga Barazil, da tsofaffin ƙirar garin Eibar na Sifen. Na Rasha suna da nauyi da kaushi, kamar garma, amma da wuya su gaji, kuma yawancinsu an shafe cikin bututunsu da ƙarfen da ke jure tsatsa. Na Turkiyya sun fi kyan katako da sauƙin ɗauka, sai dai duk bindigar da ba ta da nauyi a hannu ta fi shuri a kafaɗa.

Ra'ayina, ga mai bin fadamun Galma da gonakin wajen Soba da ƙafa: geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin ramin bututu), gefe da gefe, kunama biyu, kuma wadda ke ɗago kwanson harsashi kawai ka zare da hannunka, ba mai cilla shi ba. Duk abin da aka ƙara wa bindiga mai araha na burgewa, shi ke fara lalacewa. Kunama biyu kuma tana ba ka zaɓi nan take: ta gaba tana tayar da bututun dama, ta baya na hagu.

Mataki na uku: duba ta kafin ka ce na karɓa

Ko kyauta ce, duba. Ka fara da karya ta ka leƙa ramukan da idonka, ko da mai ita ya ce babu komai.

Ka cire mariƙin gaba, ka rufe bindigar, ka riƙe ta ta wuyan ƙota, wato katakon baya, ka girgiza a hankali. Idan ka ji ƙwas-ƙwas tsakanin bututu da jiki, ta saki. Ɗaga ta wajen haske ka duba mahaɗar: in haske yana ratsawa, wannan aikin mai izini ne, ba na maƙerin unguwa ba. Dubi kuma ɗan mabuɗin da ke sama wanda ake turawa da babban yatsa. A sabuwa yakan tsaya ya ɗan karkata dama. In ya dawo tsakiya ta yi aiki, in ya wuce hagu ta tsufa.

Sai ka cire bututun gaba ɗaya, ka rataye su a yatsa ɗaya ta ƙugiyar ƙasa, ka ƙwanƙwasa da farce ko da fensir. Ranar da Kawu ya yi mini wannan, ƙarar ta fita siririya ta daɗe tana kaɗawa, kamar an taɓa kofin tangaran. Ya ce, “Ka ji ko, ɗana? Lafiyarta ke nan.” Daga nan ya dafe su da tafin hannu ya sake bugawa, sai ta yi ɗif kamar an bugi tukunyar da ta tsage. Ya ce in ka ji haka alhali ba ka dafe ba, to dalmar da ta liƙe bututun biyu da siririn ƙarfen tsakiyarsu ta fara saki, ruwa ya shiga ƙarƙashi, tsatsa tana ci inda ido ba ya kaiwa.

Leƙa cikin kowane bututu ta fuskar farin bango. Za ka ga zobba na haske da inuwa a jere. In sun tafi daidai, lafiya. In wani zobe ya karye ko ya goce, akwai loɓa ko kumburi a wurin. Bi bayan bututun da yatsu, sau da yawa yatsa kan ji abin da ido ya tsallake. Kumburi, ramukan tsatsa masu zurfi, ko alamar walda: ajiye ta ka yi godiya. Haka tsohuwar da jikin bututunta ke da zane kamar an murɗa igiya. Irin wannan ƙarfen an yi shi ne don albarushin da, harsashin yanzu na iya fasa shi.

A katako, wuyan ƙota da inda ya rungumi ƙarfe su ne wuraren tsagewa. Lambar da ke jikin bindigar kuma ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi.

Mataki na huɗu: karanta rubutun da ke ƙarƙashin bututu

In ka ga 12/70, geji 12 ce mai ɗakin harsashi milimita 70. In 12/76 ce, tana cin na 70 da na 76. Amma ba a sa na 76 a ta 70, ko da ya zauna daram ta rufu. Tsawon da aka rubuta na kwanson ne bayan ya buɗe, don haka dogon zai shige lafiya lau, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, matsi ya hau. Wasu tsofaffin na Ingila ma 65 ne. Kada kuma harsashin geji 20 ya kwana aljihu ɗaya da na 12: yakan zurma cikin bututu ya maƙale, ka ga kamar babu komai, ka ɗora wani a bayansa.

Abu na biyu shi ne matsin baki. Ƙarshen kowane bututu an ɗan tsuke shi don ya tattara ƙwayoyin dalma. A na Rasha sau da yawa za ka ga 0.5 a dama da 1.0 a hagu, wato milimita. Na Sifen taurari suke sa wa: tauraro ɗaya cikakken matsi, uku rabi, huɗu ɗan kaɗan. Cikakken matsi yana zuba kusan kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin a da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40, rabi kuma kusan 60. Shi ya sa ake fara harbin fakara da dama lokacin da ta tashi kusa, a bi ta da hagu in ta yi nisa.

Lambar ƙwaya kuwa a juye take tafiya, babbar lamba ƙananan ƙwayoyi. Lamba 6 ta ishi fakara da hasbiya, 4 ko 5 ga zabon daji da kirinjijiya.

Mataki na biyar: auna kanka

Wannan ba ya buƙatar bindiga, yau ma kana iya yi. Buɗe ido biyu, miƙa hannu ka nuna kan hasumiyar masallaci da yatsa. Rufe idon hagu. In yatsan bai gusa ba, idonka na dama ne shugaba. In ya yi tsalle gefe, hagu ne. Mai harbi da kafaɗar dama wanda idonsa na hagu ke shugabanci zai yi ta kuskure ta gefe ɗaya yana zargin bindiga, ko ya ce an yi masa asiri. Maganinsa ya runtse idon hagu daidai lokacin da ƙota ta taɓa kuncinsa, ko in sabon shiga ne ya koyi harbi da kafaɗar hagu tun farko.

Dalilin duk wannan shi ne bindigar tsuntsu ba ta da saitin baya. Idonka ne saitin bayan. Inda katako ya ajiye kuncinka, nan idon zai tsaya, can kuma ƙwayoyi za su tafi.

Mataki na shida: tsawon ƙota

Ana aunawa daga tsakiyar kunamar gaba zuwa tsakiyar gindin ƙota. Yawancin masana'antu suna barinta tsakanin inci 14 da 14 da rabi. Wasu kan gwada ta hanyar sa gindin a lanƙwasar gwiwar hannu su ga ko yatsa ya kai kunama. Wannan ba ya gaya maka komai game da wuyanka da kafaɗarka.

Hanyar da ta fi: a tabbatar babu harsashi, ka sa rigar da za ka fita da ita, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kunci da kafaɗa, wani ya tsaya a gefenka ya duba tazarar da ke tsakanin hancinka da gindin babban yatsanka. Yatsu biyu zuwa uku ake so. In ta gaza, yatsan zai daki hancinka ranar da ta yi shuri. In ta wuce, gindin zai riƙa kama rigarka a hammata kafin ya hau. Ka gwada da 'yar shara, ka gwada da rigar sanyin da kake sawa da asubar hunturu, domin lokacin ne aka fi fita.

Ni dogo ne, Kawu gajere, kuma tun shekarun baya ya sa an rage ƙotar. Da na ɗaga, hancina ya zauna a kan yatsana. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wannan ai sai ta yi maka kaciyar hanci.” Abin da muka yi, muka yanka kwali daidai siffar gindin, muka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya muna ɗaurewa da salatif, ina ɗagawa ina saukewa, har tazarar ta zauna. Kaurin kwalin ya tashi inci ɗaya da kwata. Mako uku na bar shi a haka ina gwadawa kafin a taɓa komai.

Daga nan sai matashin roba. Ana kwance kusoshin murɗi biyu na farantin gindin, a ɗora matashi mai kaurin inci ɗaya, a cike ragowar da siririn katako ko fatar ƙirgi a tsakani. A ɗauki wanda ya ɗan fi gindin faɗi, a zana siffar, a cire shi a goge a gefe har ya zo daidai. Kada a goge shi a jikin ƙota, samfefa za ta ci katakon. In ramukan kusoshin ba su dace ba, a toshe tsofaffin da tsinken katako da gam, a huda sababbi da siririn abin huji kafin a ɗaura, in ba haka ba katakon zai tsage. Roba mai kama riga kuma a shafe samanta da ɗan kakin zuma.

In ragewa za a yi, a nan ake gyaran gangar Auzinawa. Abin da zarto ya ci ba ya dawowa. A lissafa kaurin matashin a ciki, a naɗe wurin yankan da salatif don kada katako ya ɓantare, a bi karkatar gindin yadda take tun asali, a rage kwatan inci, a gwada, sannan a ƙara. Ƙotar kaɗai za ka kai wa kafinta, ƙarfe ya zauna gida a kulle. A yawancin na Rasha dogon noti ɗaya ne ya riƙe ta, yana cikin rami a bayan farantin gindi. Haska tocila ka tabbatar bakin sukundireba ya zauna cikin tsagar notin kafin ka murɗa, domin in ya zame gefe ya shiga tsakanin noti da katako, murɗawa ɗaya za ta fasa ƙotar. Wadda kusoshinta ke bi ta cikin ƙarfen sama da na ƙasa, bar wa mai izini ya cire.

Mataki na bakwai: doron ƙota

Tsaya gaban madubi, bindiga babu komai, rufe ido, ɗaga, buɗe. Kada ka yi wannan gwajin a kan mutum, ko da wasa. Abin da ake so ka ga ƙwayar idonka zaune daidai a kan siririn ƙarfen tsakiya, kamar ƙwai a kan faifai. In idon ya nutse bayan ƙarfe, doron ya yi ƙasa, harbinka zai bi ƙarƙashin tsuntsu, kuma za ka riƙa ɗaga kai don ka gani, ƙota ta mare ka. In kana hango dogon ƙarfen duka kamar titi, ya yi sama.

Doron da ya yi ƙasa shi ne mai sauƙi. Ɗora yankin fata ko roba mai laushi, ka ƙara har idon ya hau, sannan baduku ya ɗinka maka riga mai igiya da za ta rufe shi. Wanda ya yi sama sai an kankare, kaɗan-kaɗan, kuma ban ba ka shawarar farawa ba sai ka yi gwajin kwali da zan zo kansa. Karkatar da ƙota gefe da zafi da mai aiki ne na gwanaye, ba na zaure ba.

Mataki na takwas: fatar katako

Araha ba ta ado, kuma a nan ake gani. Banish ɗin da ake fesa wa masu araha yana da kauri da ƙyalli, yana santsi in hannu ya yi gumi, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, kuma ƙyallinsa na korar tsuntsu daga nesa.

Kankare shi da gefen reza ko fasasshen gilashi, kana bin tsawon katako. Wurin da aka yi zanen riƙo kada samfefa ta taɓa shi, rufe shi da salatif, daga baya ka wanke shi da tsohon buroshin haƙori. Inda katako ya loɓa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi, tururi zai tashe shi. In kan ƙotar ya yi baƙi don ya sha man bindiga shekara da shekaru, shafa masa garin alli ka ajiye a rana ta safe, allin zai tsotso man, ka goge ka maimaita. Sai samfefa: lamba 180, 240, 320, daga mai kaushi zuwa mai laushi. Gefen da ke haɗuwa da ƙarfe kada ka ci shi, in ya yi ƙasa da ƙarfen ba gyara. Tsakanin kowace samfefa ka shafa ɗan ruwa, ka bari ya bushe, gashin katakon zai tashi ka share.

Man da ake so shi ne dafaffen man linsid, ana samu wurin masu sayar da fenti a Sabon Gari. Ban da man gyaɗa, ban da man ja, ban da baƙin mai. Ɗigo uku ko huɗu a tafin hannu, ka murza har katakon ya yi ɗumi, ka bar shi rabin awa, ka goge duk abin da bai shige ba. Kuskuren da na yi ke nan a shafin farko: na malala shi kamar ina shafa wa jariri, na rataye a tsakar gida cikin hunturu. Da safe na tarar da ƙota ta yi danƙo, ƙura ta manne mata, ta koma kamar tsire an barbaɗa ƙuli. Sai da na koma kan samfefa. Shafi siriri, a ɗaki rufaffe, kwana ɗaya tsakani. Bayan shafi bakwai ko takwas za ka ga ƙirar katakon ta fito, da wani haske mai zurfi wanda ba ya ƙyalli.

Tsumman da ya sha wannan man kada ka dunƙule shi ka jefa lungu. Yana yin zafi da kansa har ya kama wuta. Shanya shi a buɗe, ko ka jiƙa shi a ruwa.

Mataki na tara: wurin baduku

Nan kam Zariya ba ta da abin nema a waje. Garin da ke da dukawa a Birni da cibiyar binciken fata a Samaru ba ya rasa mai ɗinka maratayi. Ka ce a yi maka mai faɗin yatsu uku a kafaɗa, gefen mai kaushi a ciki don kada ya zame. In bindigar ba ta zo da zobban rataya ba, a yi mai zarge a kai biyu, kada a huda ƙarfe. Ka auna da igiya ka kai masa igiyar, ba bindigar ba. Kube kuma na tafiya ne kawai. Fata tana riƙe laima, bindigar da ta yi damina a cikin kube da tsatsa za ta fito.

Abin da ba a taɓawa

Bututu, kunama, makullin kariya, da ƙugiyar da ke rufe ta. Kunamar masu araha tana da tauri, kuma za ka sami mai ce maka ya iya laushe ta da magagari. Wadda aka laushe haka ita ce ke tashi in an rufe ta da ƙarfi, ko bututu biyu su tashi tare. Garin neman gira a rasa ido. Rage tsawon bututu kuwa, ban da ya zubar da matsin baki ya ɓata saitin da aka haɗa su a kai, doka ta hana a mayar da shi ƙasa da inci 20. Walda da kai ta wurin masu dafa ƙarfe don ya yi baƙi suna cinye dalmar da ta riƙe bututun. Iyakar abin da zan yarda a canja a ƙarfe shi ne ɗan ƙwallon saiti na baki in ya faɗi, shi ma a hannun mai izini.

Hunturu da damina

Duk ranar da aka harba, a goge. Sanda da tsumma ta baya zuwa baki, har tsumman ya fito fari, sannan shafin mai siriri. In babu man bindiga, na keken ɗinki ya fi babu. A hunturu a rage mai, domin ƙura da mai in sun haɗu samfefa suke zama a mahaɗa. A watan Agusta kuwa a duba ta duk mako ko ba a fita ba. A jingine ta baki ƙasa don kada mai ya gangara cikin katako. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure da bango, harsashi a wani wurin daban da nasa makullin, kuma yara kada su san inda ko ɗaya yake.

Ka sayi abin toshe kunne. Kawu ba ya ji da kunnen hagu, kamar yawancin waɗanda suka daɗe suna harbi da kafaɗar dama.

In za ka fita, takarda a aljihu, bindiga a kwance gida biyu cikin kube. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan 'yan banga sun ga bindigogin gargajiya a motarsu. Ko a nan gida, dazukan wajen Giwa da Birnin Gwari ba wurin yawo da bindiga ba ne yanzu, gandun Kamuku kuwa dama an hana farauta a cikinsa. Ka gaida mai unguwa da Sarkin Bakan yankin, su san da kai. A fadama akwai masu noman rani da yaran Fulani a bayan kowace ciyawa, ƙwayar dalma kuma tana wuce mita 200. In za ka tsallake rafi ko ka haɗu da mutane, karya ta ka rataya a hannu, kowa ya ga ramukan.

Mataki na ƙarshe: gwajin kwali

Wannan sai mai lasisi, a wurin da aka yarda, da tudun ƙasa a baya. Na ga Kawu ya yi wa tasa, ni ban yi ba tukuna.

Ana kafa babban kwali, a yi baƙin ɗigo a tsakiya, a ja baya yadi 16 daidai. Ba a saiti kamar mai harbin barewa. Ido a kan ɗigon, a ɗaga, a harba da zarar ƙota ta taɓa kunci, sau uku ko huɗu a kwali ɗaya da bututu ɗaya. Sai a duba inda ƙwayoyin suka fi taruwa. A wannan nisan, duk inci ɗaya da tarin ya kauce wa ɗigo yana nufin a gusar da ido kashi ɗaya cikin 16 na inci. In ya sauka ƙasa da inci biyu, a ƙara wa doro kashi ɗaya cikin takwas na inci, kusan milimita uku. In tarin ya ɗan hau sama da ɗigo kaɗan, a bar shi, tsuntsu mai tashi sama yake yi. A sake da ɗaya bututun a sabon kwali. A masu araha akan sami bututu biyun ba su kallon wuri ɗaya sak, kuma gara ka san haka a kwali da ka sani a kan zabo. Daga nan a koma yadi 30 da 40 a ga inda tarin ya fara yin ramukan da fakara za ta iya bi ta wuce. Nan ne iyakar bindigarka, abin da ya wuce nan raunata tsuntsu ne kawai.

Kwalayen firji guda shida na roƙa wurin wani mai shago a unguwar PZ, suna jingine bayan ƙofar zauren Kawu, na riga na yi musu ɗigo da gawayi. Ran Asabar da ta wuce na tarar ya zare ɗaya ya shimfiɗa wa baƙi, ya ce in takardar ta fito sai in nemo wani.